Daga Kasuwar Arlit Zuwa Imuraren: Ina Malaman Da Za Su Yi Mana Lissafin Magani Da Lafiya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kantin sayar da magani a Arlit, ko Akokan, ko Agadas, da takardar likita a hannu, ya san irin lissafin da ake yi a wurin. Likita ya rubuta magani kala huɗu, mai kanti ya danna na'ura ya faɗi kuɗi, sai ka ga baiwar Allah ta kwance bakin zani ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, daga nan ta ce, "Malam, a cikinsu wanne ya fi amfani? Ba ni shi, sauran sai kasuwa ta yi kyau." Sau da yawa kuɗin da ta miƙa daga uwar kuɗin sana'a ta ciro su, ko daga zubin adashe. Ga kuma kwanakin da za ta yi tana jinya rumfa na rufe, waɗanda babu mai biyan ta.

Wannan tambaya da matar ta yi, wato wane magani ne ya fi amfani a kan ɗan kuɗin da ke hannu, ita ce tambayar da ministan lafiya ke yi idan ya zauna da kasafin kuɗin shekara. Akwai kuma fannin ilimi sukutum da aka gina a kanta, wanda ake karantawa a jami'a har mutum ya zama farfesa. Sunansa tattalin arzikin magunguna da binciken sakamakon jinya. A wannan makon mun ga ya dace mu tattauna da 'yan uwa 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata, a kan wannan fanni, domin mafi yawan kuɗin karatun yara daga rumfunanku suke fitowa, kuma garuruwan yuraniyom na jihar Agadas suna cikin wuraren da suka fi buƙatar 'ya'yansu su shige shi.

Wane irin ilimi ne wannan?

A 1963 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka mai suna Kenneth Arrow ya rubuta wata maƙala da ake ɗauka a matsayin tushen wannan fanni. Abin da ya nuna, kowane ɗan kasuwa zai gane shi nan take. Mai sayen atamfa yana iya murza ta ya san ta ƙwarai ce ko jabu, mai sayen tumatir yana iya latsa shi, amma mai sayen ƙwayar magani ba shi da yadda zai yi ya gane ingancinta. Bugu da ƙari, wanda ya zaɓi kayan, wato likita, ba shi ke biya ba, wanda ke biya kuma ba ya iya tayi, don ciwo ba ya jiran farashi ya sauka. Kasuwar da take haka, dole a samu wani masani a tsakani da zai riƙa yi wa jama'a lissafi.

Bari mu kawo misali na ƙiyasi kawai don a fahimta. A ɗauka akwai magunguna biyu na ciwo ɗaya. Na farko dala ɗari ne, wato sefa 500, yana warkar da mutum 6 cikin 10. Na biyu jika guda ne, yana warkar da 9 cikin 10. Idan aka ba mutum goma na farko an kashe jika 5, idan aka ba su na biyu an kashe jika 10. Mai gaggawa zai ce na farko ya fi sauƙi. To amma masanin zai ce a dakata. Ƙarin jika 5 ɗin nan ta sayo lafiyar mutum uku. Su kuma huɗun da maganin araha bai warkar ba, za su dawo asibiti, a sake awo, a sake sayen magani, wata ta rufe rumfa mako guda, wani a kwantar da shi. Idan aka haɗa wannan duka, sai a tarar araha ba ta ado. Wani lokaci kuma lissafin yakan fito akasin haka, a gano mai tsadar kwali ne kawai ya fi kyau, aikinsu ɗaya da na jenerik da ake sayarwa a farmasin gwamnati.

Ɓangare na biyu na fannin shi ne bin diddigin sakamako. Ba ya isa a ce an raba magani kwali dubu ko an gina asibiti. Masanin yana bin mutanen ne ya gani: nawa suka warke, nawa suka koma bakin aikinsu, nawa suka rasu, shekara nawa aka ƙara wa mutum cikin ƙoshin lafiya. Har ma'auni suka ƙirƙiro da za mu iya kira shekarar lafiya, kamar yadda ake awon hatsi da tiya, don a iya kwatanta amfanin gidan sauro da na injin wankin ƙoda. Tun 1993 ƙasar Ostareliya ta wajabta wa kamfanonin magani su kawo irin wannan lissafi kafin gwamnati ta yarda ta riƙa biyan kuɗin maganinsu. Ingila ta kafa hukumar NICE a 1999, wadda ta shafe shekaru tana aiki da ma'aunin fam 20,000 zuwa 30,000 a kan kowace shekarar lafiya. Tailan, wadda ba ta kai su arziki ba, ta kafa tata hukumar a 2007.

Nijar ta ɗanɗana amfaninsa, ta kuma ɗanɗana rashinsa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen Turai ne. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako, wanda ya ce marar lafiya ya riƙa biyan wani abu don kada magani ya yanke a asibitocin karkara. Kafin a shimfiɗa tsarin a Nijar, an yi gwaji a 1993 zuwa 1994. A gundumar Sayi babba na biyan dala arba'in duk lokacin da ya je da ciwo, ƙaramin yaro dala ashirin. A Boboye kuwa sai aka ɗora dala arba'in a kan harajin shekara na kowane mai biyan haraji, idan mutum ya je asibiti ya ba da dala goma kawai, yaro dala biyar. Aka bar Illela a kan tsohon tsari don a samu abin kwatantawa. Da masana suka ƙirga, sai suka ga a Boboye ne talakawa da mata da yara suka fi ƙaruwa wajen zuwa asibiti, kuma kuɗin da aka tara a can ya fi yawa. Duk 'yar adashe ta san dalili: zubi kaɗan-kaɗan lokacin da ake lafiya ya fi sauƙi a kan neman kuɗi dunƙule ranar da ciwo ya kwankwasa ƙofa.

Ana cikin haka, a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, magungunan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Wannan ne ya tilasta wa hukumomi rungumar magungunan jenerik, shi ne kuma ya ƙara wa masu tallar magani a kan faranti kasuwa. Shekara guda bayan haka, a lokacin annobar sanƙarau ta 1995, aka yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu a Nijar, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta da mutuwar mutum kusan 2,500. Wannan hukuma ta kuma ƙiyasta a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa ko dai jabu ne ko bai cika inganci ba.

A 2005 da 2006 gwamnatin Shugaba Mamadu Tanja ta ayyana tiyatar haihuwa, da awon ciki, da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a matsayin kyauta. Niyya ce mai kyau, kuma iyaye mata sun yi tururuwa zuwa asibiti. To sai dai masana na cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, wadda aka kafa a 2001, sun bi sawun tsarin suka nuna cewa an yanke shawarar ba tare da an tanadi isassun kuɗi ba. Asibiti zai yi aiki ya aika takardun neman biya, gwamnati ta yi watanni, wani lokaci shekaru, ba ta biya ba, kantin asibiti ya bushe, uwa ta dawo da takarda zuwa kantin kasuwa. Kowane mai kanti ya san ƙarshen shagon da ake ta ɗiba bashi ba a zubawa.

Duk da haka, bin diddigi ya nuna an samu riba. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012, wanda ma'aikatan cibiyar ƙididdiga ta Nijar suka sa hannu a ciki, ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ya ƙiyasta an ceci rayukan yara kusan 59,000 a 2009 kaɗai, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na wannan nasara gidan sauro mai magani ne ya kawo ta. Ba don an ƙirga ba, wa zai yarda cewa gidan sauro ya yi irin wannan aiki? Haka nan allurar sanƙarau ta MenAfriVac da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010: tun kafin a ƙera ta aka tambayi hukumomin lafiya na Afirka nawa za su iya biya, aka tsayar da cewa kada ta wuce rabin dalar Amurka, sannan aka nemo wani kamfani a Indiya da ya yarda ya yi ta a kan haka. A watan Agustan 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta da rabi, ta mayar da haihuwa kyauta. Ko wannan zai ɗore ko zai bi sawun na 2006, sai an samu masu ƙirgawa za a sani.

Arlit: an ƙirga tan-tan na ƙarfe, wa ya ƙirga tari?

Yanzu mu koma gida. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971, a kansa ne garin Arlit ya tashi a tsakiyar hamada. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a 1978 a ramin Akuta na ƙarƙashin ƙasa, garin Akokan ya tashi a gefensa. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan ya fitar da tan kusan 75,000 na yuraniyom, ya bar tsibin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki ban da na 'yan kwangila. Masu rumfa a kasuwar Akokan ba sa buƙatar a gaya musu abin da wannan ya yi wa ciniki.

Mai karatu zai lura cewa duk waɗannan alƙaluma a rubuce suke daki-daki. An san nauyin kowace ganga da ta bi hanyar Tawa zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Amma da zarar an zo maganar lafiyar mutanen da suka haƙo ƙarfen da iyalansu, sai gardama ta kaure. Tun 2003 cibiyar awon nukiliya mai zaman kanta ta CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit, suka fara nuna damuwa a kan ruwan sha da ƙura da tsofaffin ƙarafa. A watan Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ta yi awo, ta fitar da rahoto a 2010 cewa huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba a yankin suna ɗauke da yuraniyom fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta ce ta samu wani wuri a titin Akokan da tururin nukiliya, wanda ido ba ya gani, ya ninka na al'ada kusan sau 500. Abin da ya fi shafar 'yan kasuwa kuwa shi ne ta samu tsofaffin ƙarafan kamfani a kasuwa waɗanda tururinsu ya ninka na al'ada har sau 50, alhali da irin waɗannan ƙarafa ake rufin ɗaki da ƙere-ƙeren kayan gida. Shi kuma kamfanin Areva, wanda ya koma Orano a 2018, ya dage cewa abin da jama'a ke shaƙa bai wuce iyakar da doka ta gindaya ba, yana mai nuni da asibitocinsa biyu da ke duba ma'aikata da iyalansu kyauta, har da sauran mutanen gari.

A ƙarshen 2011 aka kafa wata cibiyar sa ido kan lafiya ta jihar Agadas don duba tsofaffin ma'aikata. Shekara guda kacal bayan haka ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, wadda da ita aka ƙulla yarjejeniyar, ta janye, tana cewa iyalan Faransawa biyu kawai aka biya diyya, babu ɗan Afirka ko guda. A 2012 wata kotu a Faransa ta ɗora wa Areva alhakin mutuwar wani Bafaranshe da ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985 ya kuma rasu da ciwon dajin huhu, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013 bisa hujjar cewa ba Areva ne ya ɗauke shi aiki kai tsaye ba.

Ba mu kawo wannan tarihi don mu yanke wa wani hukunci ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne yadda wasu ƙasashe suka kashe irin wannan gardama. Faransa ta bi lafiyar masu haƙar yuraniyom nata su kusan 5,000 tsawon shekaru da dama. Jamus ta bi ta ma'aikata kusan 59,000 na kamfanin Wismut. Da irin wannan bin diddigi aka tabbatar cewa iskar radon da ke taruwa a cikin rami tana ƙara haɗarin ciwon dajin huhu. A Amurka, dokar 1990 ta tanadi diyyar dala 100,000 ga mahaƙan yuraniyom da suka kamu da wasu cututtuka, cikinsu har da 'yan ƙabilar Nabaho. Masaniyar tarihi Gabrielle Hecht ta nuna a littafinta na 2012 cewa ma'aikatan Afirka, daga Nijar zuwa Gabon da Madagaska, kusan ba su shiga irin waɗannan manyan bincike ba. Wanda ba a ƙirga shi ba kuwa, ranar neman hakki ba shi da abin nunawa sai hawaye.

Akwai kuma lissafin aljihu. Sai a 2021 Nijar ta samu na'urar gashin ciwon daji ta farko a asibitin gwamnati, a Yamai, mai nisan kilomita kusan 1,200 daga Arlit. A haɗa kuɗin mota na marar lafiya da mai jinya, da masauki, da abinci, da watannin da sana'a za ta tsaya. Shin ya fi riba a buɗe wurin awo da gano ciwo da wuri a Agadas, ko a riƙa biyan kuɗin motar marasa lafiya? Wannan ba tambayar injiniya ba ce, likita ma shi kaɗai ba zai amsa ta ba. Aikin masanin da muke magana ne.

Imuraren: tun ran gini, tun ran zane

Imuraren na da nisan kilomita kusan 80 kudu da Arlit. Tun 1966 aka gano ma'adinin, wanda aka ƙiyasta ya kai tan 200,000, abin da ya sa shi cikin mafiya girma a duniya. An ba Areva lasisi a farkon 2009, Shugaba Tanja ya aza harsashin aikin a watan Mayun shekarar, da burin fitar da tan 5,000 duk shekara har tsawon shekara 35. 'Yan kasuwa da dama sun sa rai, wasu har sun zuba jari a motoci da gidajen haya. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011 farashin yuraniyom ya faɗi, a 2014 aka jingine aikin. A watan Yunin 2024 gwamnatin Nijar ta janye lasisin daga hannun Orano ba tare da an taɓa fitar da ƙarfen zuwa kasuwa ba, a Yunin 2025 kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa.

Wannan jinkiri, duk da asarar da ya jawo, ya bar mana wata dama da Arlit ba ta samu ba a 1971. Ɗan kasuwar kirki kafin ya ba yaro shago sai ya ƙirga kayan da ke ciki, don ranar lissafi a san abin da ya ƙaru da abin da ya ragu. Haka ya kamata a yi wa Imuraren: kafin a fara haƙa gadan-gadan, ko wane ne zai yi ta, a auna rijiyoyi, a rubuta yawan masu tari da ciwon ƙoda da ɓarin ciki a tsakanin makiyaya da mazauna yankin, a buɗe rajistar da za ta riƙa bin kowane ma'aikaci ko da ya yi ritaya ya koma Tawa ko Damagaram. Sannan a ƙiyasta kuɗin jinyar da aikin zai iya jawowa nan da shekara 30, a sa shi cikin yarjejeniya tun farko. Tunda ƙasa ta karɓi ragamar ma'adinanta, nauyin wannan lissafi ya dawo wuyanmu, babu wani baƙo da za mu nuna wa yatsa.

Hanyar da yaro zai bi

Ƙofa biyu ake shiga wannan fanni. Ta farko ita ce ta likitanci ko harhaɗa magunguna, inda bayan jarabawar bak ɗalibi zai yi shekara shida zuwa takwas, kamar a tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai, sannan ya ƙara da karatun lafiyar al'umma ko tattalin arzikin lafiya. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram su ma suna da tsangayoyin lafiya. Ƙofa ta biyu ita ce ta tattalin arziki ko ƙididdiga: lisans shekara uku, mastar shekara biyu, digirin dakta aƙalla shekara uku. Yaron da ya iya lissafi, mai haƙurin zama da alƙaluma, wanda kuma ba ya jin kunyar tambaya, shi ne ɗan wannan hanya. Bayan Faransanci yana buƙatar Ingilishi, don da shi ake buga yawancin binciken.

Don ƙwarewa, cibiyar CESAG da ke Dakar ta daɗe tana horar da 'yan Afirka ta Yamma a tattalin arzikin lafiya. Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu tana da sashe na musamman tun 1990, Jami'ar Yok a Ingila tun 1983. A maƙwabciyarmu Nijeriya, tsangayoyin harhaɗa magunguna na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suna koyar da wannan lissafi a cikin darussansu, jami'ar Nijeriya reshen Inugu kuma ta yi suna a binciken tattalin arzikin lafiya. Masanan nahiyar suna da ƙungiyarsu da aka ƙaddamar a Akara a 2009.

Wanda ya zaɓi koyarwa a jami'a, matakala huɗu ke gabansa, daga mataimakin malami har zuwa cikakken farfesa. A Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, hukumar CAMES ce ke tantance wanda ya cancanci hawa, hukumar da aka yanke shawarar kafa ta a nan Yamai a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu. Ba a hawa da daɗewa a aiki kawai. Sai malami ya nuna binciken da ya buga a mujallun masana, inda wasu masana da bai sani ba za su tsefe aikinsa kafin a karɓa. Likitoci da masana tattalin arziki kuma suna da wata gasa mai zafi da ake yi duk bayan shekara biyu, inda mutum zai tsaya gaban manyan farfesoshi ya kare iliminsa. Daga digirin dakta zuwa kujerar farfesa yakan ɗauki shekara goma ko fiye.

Riba da asara

Ba za mu ɓoye wa iyaye gaskiya ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan jari ne mai daɗewa bai dawo ba. Yaron da ya shiga kasuwa yana ɗan shekara 18 zai iya gina gida kafin ɗan uwansa ya gama digirin dakta. Tallafin karatu na gwamnati yakan makara, yajin aiki yakan tsawaita shekarar karatu, kuɗin bincike kuma yawancinsa daga waje yake zuwa. Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙware, ƙungiyoyin duniya ne ke ɗauke su da albashin da jami'a ba za ta iya biya ba.

Amma aikin yana da kasuwa. Ban da jami'a, akwai ma'aikatar lafiya, da hukumar ONPPC mai sayo wa ƙasa magunguna, da cibiyar ƙididdiga, da cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, da cibiyar Epicentre a Maraɗi, wadda ta gwada allurar rigakafin gudawar yara mai jure zafi a yankin Madarunfa, aka buga sakamakon a 2017. Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, yarinya ce tukuna, kuma ita ce ta fi dacewa ta zama gidan irin wannan bincike. Dalilin da ya sa muke jaddada jami'a shi ne, Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Binciken da kamfanin magani ko na ma'adini ya biya, ko da gaskiya ya faɗa, jama'a za su yi masa kallon shakka. Shi ya sa mujallun masana ke tilasta wa mai bincike ya bayyana wanda ya ba shi kuɗi. Malamin jami'a da ba ya cin abincin kowane ɓangare, shi ne shaidar da kotu da gwamnati da talaka za su iya saurara.

Muna kuma kira da a tura 'ya'ya mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ta yi shekaru tana wanke kayan aikin mijinta masu ƙura, ko wadda ta yi ɓari sau biyu, ba za ta buɗe cikinta ga baƙon da ya zo da tafinta ba. Za ta yi wa 'yar gari bayani, wadda ke jin Hausa da Tamashek, wadda kuma ta san gidan da za ta yi sallama.

Me ya rage gare mu?

Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata suna da bakin da za su nemi a riƙa cire wani abu daga irin wannan kaso don ɗaukar nauyin ko da ɗalibai biyu ko uku duk shekara, bisa sharaɗin su dawo su yi wa yankin aiki. Attajiran Arlit da Agadas da ke gina rijiyoyi da azuzuwa, su ma za su iya sa wannan cikin ayyukan alherinsu.

A gida kuma akwai abin da kowa zai iya farawa yau. A riƙa adana katin asibiti da takardun magani da rasiɗai, musamman na tsofaffin ma'aikatan haƙa, kamar yadda ake adana littafin bashi. Idan an yi rasuwa a nemi likita ya rubuta sanadi. Masu sayen tsofaffin ƙarafa su riƙa tambayar inda kaya suka fito, su nemi a auna wanda suke shakka. Waɗannan takardu da muke yarwa ko muke ƙulle ƙosai da su, su ne kayan aikin masanin da zai zo gobe.

Idan kuma akwai yarinya a rumfarki, Hajiya, wadda kafin ki gama faɗin farashi ta riga ta haɗa jimla da canji a ka, kada a yi gaggawar cire ta daga makaranta. Wataƙila ita ce za ta zauna a teburin da za a ƙulla yarjejeniyar Imuraren, da alƙaluman lafiyar mutanenta a hannu. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.